Ɗaure Raƙumi Kafin Tawakkali: Bayani Kan Tsare Rai da Lafiya a Wurin Sana'a

Da sunan Allah Mai rahama Mai jinƙai. Godiya ta tabbata ga Allah Ubangijin talikai, wanda Ya halatta mana neman abinci da gumin goshinmu, Ya kuma sanya lada a cikinsa. Tsira da aminci su tabbata ga fiyayyen halitta, Annabi Muhammadu, da alayensa da sahabbansa da waɗanda suka bi tafarkinsu har zuwa ranar sakamako.

Bayan haka, ya ku ƴan'uwa Musulmi masu sauraronmu, maza da mata, na Maraɗi da Damagaram da Tawa da Yamai da dukkan ƙauyukan da wannan murya take kaiwa, amincin Allah ya tabbata a gare ku. Allah Ya karɓi azuminmu da tsayuwarmu. Darasinmu na yau ya shafi wurin da mafi yawanmu muke wuni da azumi a bakinmu, wato wurin sana'a: bisa gini, cikin rami, gaban inji, ƙarƙashin mota, cikin garka, ko bakin murhu.

Babu unguwar da za ka shiga ba ka tarar da wanda inji ya cire wa yatsu ba, ko wanda ya faɗo daga gini ya kwanta shekaru, ko marayun da rami ya rufta da mahaifinsu. Idan an tambayi yadda abin ya faru, amsa ɗaya ake ji: tsautsayi ne, ƙaddara ce. Mun yi imani da ƙaddara, mai daɗi da marar daɗi, domin tana cikin shika-shikan imani. Amma idan aka bi diddigi, sau da yawa za a tarar an ga tsagewar bangon tun kwana uku, an ji warin man tun da safe, an san igiyar ta tsufa tun bara. Abin da muke so mu bayyana shi ne matsayin wannan sakaci a wurin shari'a, da kuma hanyoyin kauce masa.

Rai amana ne

Ku sani, jikin nan da muke aiki da shi aro ne aka ba mu, kuma Mai shi zai tambaye mu yadda muka riƙe shi. Malamai sun ƙididdige abubuwa biyar da shari'a ta zo domin ta tsare: addini, da rai, da hankali, da zuriya, da dukiya. Rai yana gaba da dukiya a wannan jeri. Saboda haka wanda ya sayar da lafiyarsa domin ya tsimi kuɗin safar hannu ya juya jerin da shari'a ta tsara. Allah Maɗaukakin Sarki Ya hana mu jefa kanmu cikin halaka a Suratul Baƙara, Ya kuma hana mu kashe kanmu a Suratun Nisa'i. Imamu Malik ya kawo a Muwaɗɗa hadisin da ya hana mutum ya cutu ko ya cutar da wani, kuma malaman fiƙihu sun gina hukunce-hukunce masu yawa a kansa.

Wasu suna ɗauka sanya hular kwano ko ɗaura igiya alamar tsoro ce, ko raunin dogara ga Allah. Tirmizi ya ruwaito cewa wani mutum ya tambayi Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallam, ko ya ɗaure taguwarsa ya dogara ga Allah, ko ya sake ta ya dogara. Sai Manzo ya umurce shi ya fara ɗaure ta, sannan ya yi tawakkali. Shi kansa Manzon Allah, wanda babu mahalukin da ya kai shi dogara ga Ubangijinsa, sulke biyu ya haɗa ranar Uhudu. Allah Ya ambaci koya wa Annabi Dawuda ƙirar sulke a cikin ni'imominsa, kuma a Suratun Nahli Ya lissafa tufafin da ke kare mu daga zafi da waɗanda ke kare mu a fagen fama cikin abubuwan da Ya yi mana baiwa da su. To, ashe kayan kariya ni'ima ce, kuma ƙin amfani da ni'ima bai zama jaruntaka ba.

Sayyidina Umar, Allah Ya ƙara masa yarda, ya nufi Sham, sai labari ya iske shi a hanya cewa annoba ta ɓarke can. Ya yi shawara, ya juya da mutane zuwa Madina. Da Abu Ubaida ya tambaye shi ko gudun ƙaddarar Allah yake yi, sai ya bayyana masa cewa komawar ita ma ƙaddarar Allah ce, daga wata aka fita aka shiga wata. Haka mai haƙar rijiya da ya ga bango yana zubar da ƙasa ya fito: bai tsere wa ƙaddara ba, ya bi umurnin Wanda Ya ƙaddara.

Abin da ke wuyan mai ba da aiki

Nauyi na farko yana kan wanda ya ɗauki mutum aiki: ɗan kwangila, mai gareji, mai injin niƙa, mai garka, mai rami, har da uwargida mai ƴar aiki. Buhari da Muslim sun ruwaito daga Abu Zarri cewa Manzon Allah ya kira waɗanda ke ƙarƙashinmu ƴan'uwanmu, ya hana mu ɗora musu abin da ya fi ƙarfinsu, ya ce idan mun ɗora to mu taimaka musu. Kai mai gida, Alhaji, da kake zaune a inuwa kana ce wa yaro ya hau, tambayi kanka: da ɗanka na cikinka ne, za ka bar shi ya taka wannan katakon?

Haƙƙin ma'aikaci bai tsaya ga lada ba. Yana da haƙƙin kayan aiki masu lafiya, da kayan kariya daga aljihun mai aikin, da ruwa da inuwa, da lokacin hutawa, da a gaya masa haɗarin da ke cikin aikin kafin ya sa hannu. Dokar aiki ta ƙasarmu Nijar, wadda aka sabunta a 2012, ita ma ta wajabta wa mai ba da aiki ya ɗauki matakan kare rai da lafiyar ma'aikatansa, kuma akwai asusun CNSS da ke kula da ma'aikacin da aka yi wa rajista idan ya ji rauni a bakin aiki. Bin hukuma cikin abin da ke tsare rayuka biyayya ce ga shari'a.

Akwai masu fakewa da hadisin da ya nuna babu ramuwa ga wanda ya mutu a rijiya ko a ramin ma'adini. Hadisin ingantacce ne, amma malamai sun ɗora shi a kan inda babu ƙetare iyaka. Imamu Malik da kansa ya bayyana cewa wanda ya haƙa rijiya a inda ba a halatta masa ba, kamar kan hanyar Musulmi, shi ke da lamunin abin da ta halaka. Malaman mazhabarmu sun kuma ce mai bangon da ya karkata, idan an gargaɗe shi ya samu damar gyarawa ya ƙi, to abin da bangon ya faɗa wa yana wuyansa. Kisan kuskure ma Alƙur'ani bai bar shi haka nan ba, ya sanya masa diyya da kaffara. Ina ga wanda aka ce masa ramin zai rufta, ya ce a ci gaba?

Sai yaran shago da masu koyon sana'a. Iyayensu sun kawo su amana domin su koyi abin rufin asiri. Kada a ba yaro injin da ba a koya masa ba, kada a tura shi inda babba ke tsoron shiga don wai jikinsa ƙarami ne, kada a ɗora masa buhun da zai lanƙwasa masa baya tun bai girma ba.

Rami da rijiya da zinariya

Mutanen jihar Maraɗi ba su manta da watan Nuwamba na 2021 ba, lokacin da ramukan zinariya suka rufta a yankin Ɗan Isa, aƙalla mutum 18 suka rasu. Allah Ya jiƙansu. Samarinmu suna tafiya Jado da Komabangu da sauran wuraren haƙa, kuma neman halal ne suke yi, sai dai rami yana da sharuɗɗansa. Ƙasa mai yashi ba ta riƙe kanta, dole a tokare bangon rami da itace mai ƙarfi ko a ɗaure shi da siminti yayin da ake nitsawa. Ƙasar da aka fitar a zuba ta nesa da baki, domin nauyinta ke karya gefen. Kada a haƙa ramuka kusa da juna har ƙarƙashinsu ya haɗu, a cinye ginshiƙin da ke riƙe da sama don an ga ƙyallin zinariya a cikinsa. Idan ruwan sama ya jiƙa ƙasa, a dakata har ta bushe.

Haɗari na biyu ba a ganinsa da ido, shi ne gurɓatacciyar iskar da ke kwantawa a gindin rami mai zurfi. Kakanninmu masu haƙar rijiya sukan zura fitila da igiya tukuna. Idan ta mutu, sun san babu iskar numfashi, ba su sauka sai sun kaɗa iska ta shiga. Wannan hikima ce, amma ba a yin ta a ramin masai ko inda ake jin warin mai, domin iskar can tana kama wuta. Kuma kada a taɓa saukar da injin jawo ruwa ko injin bayar da wuta cikin rami yana aiki. A cikin hayaƙinsa akwai guba marar launi marar wari, wadda fitila ba ta nuna ta; mutum zai ji ciwon kai da kasala, ya zauna don ya huta, shi ke nan. Duk mai sauka a ɗaura masa igiya a jiki, a bar mutane a sama suna riƙe da ita suna magana da shi. Idan ya yi shiru a jawo shi. Kada wani ya faɗa bayansa babu igiya, domin sau da yawa rijiya ɗaya takan ci mutum uku: na farko, da ɗan'uwansa da ya bi shi, da maƙwabcin da ya bi su.

Dutsen da ake dakawa shi ma yana da nasa. Ƙurarsa tana taruwa a huhu shekara da shekaru har numfashi ya gagara, kuma huhun da ya lalace ta haka ba ya komawa daidai. A jiƙa dutsen da ruwa kafin a niƙa, a rufe hanci da takunkumi na ƙwarai. Zaibar da ake kama zinariya da ita, idan an ƙona ta tururinta yana taɓa ƙwaƙwalwa da ƙoda, har hannu ya riƙa rawa. Ba a ƙona ta cikin ɗaki ko kusa da mai ciki da yara. Maƙwabtanmu na Zamfara sun ga abin da ya faru a 2010, da aka riƙa kai dutsen zinariya cikin gidaje ana niƙawa, alhali akwai dalma a cikinsa: yara kimanin 400 suka rasu. Don haka kada a kawo dutsen gida, kada a daka shi a turmin hatsi, kuma mai aikin ya yi wanka ya sauya tufafi kafin ya ɗauki ɗansa.

Gini da ƙira da inji

Ya kai magini, duba katakon da za ka taka da hannunka kowace safiya, kada ka dogara da cewa jiya ya ɗauke ka. Tsani a kafa shi bisa ƙasa mai ƙarfi, a ɗaure kansa ko wani ya riƙe gindinsa. Abu Dawuda da Tirmizi sun ruwaito hani ga kwana bisa soron da ba shi da katanga a gefensa. Idan an hana barci a irin wannan wuri, to mai kai da kawowa a kansa da bulo a kafaɗa ya fi buƙatar shinge. Kafin ka ɗaga rodi ka dubi sama, domin wayar lantarki ba ta gargaɗi. Siminti jiƙaƙƙe yana cin fata kamar wuta mai sanyi, a sa safar hannu da takalmi mai rufi. Katako mai ƙusa a cire ƙusar ko a lanƙwasa ta. Kawar da abin cutarwa daga hanya reshe ne na imani, kamar yadda ya zo a Sahihu Muslim.

Ya kai mai walda, tabarau na ado ba ya tare wannan hasken. Shi ya sa kake kwana kana jin kamar an zuba maka yashi a ido. Nemi gilashin da aka yi domin aikin, ka samo wa yaron da ke riƙe maka ƙarfe nasa. Kada ka kai wuta jikin duro ko tankin da ya taɓa ɗaukar mai don an ce babu komai a ciki. Tururin da ya rage shi ne ke fashewa, kuma fanko ya fi cikakke haɗari.

Ya kai bakanike, jak domin ɗaga mota aka yi shi, ba ya isa ya riƙe ta kana ƙarƙashinta. Tokare ta da gungume mai ƙarfi, ka sa wa tayoyi dutse. Kada ka buɗe murfin lagireto mota tana da zafi. Ya kai mai injin niƙa, bel ɗin da ke juyawa ba ya bambance babbar riga da rawani da hijabi. Abin da ya kama sai ya ja mai shi. Yi masa murfi, ka sa tufafin da ba su da lilo, ka tsayar da mata da yara nesa da shi. Idan ya toshe, kashe shi tukuna kafin ka sa hannu. Mintin da kake tsimi bai kai darajar yatsa ba, kuma sauri kan haifi nawa.

Mai da gas da wuta

Wani gida ya ƙone da mutanensa cikin dare a Madina. Da labari ya kai ga Manzon Allah, sai ya bayyana cewa wuta abokiyar gaba ce a gare mu, ya yi umurni a kashe ta idan za a kwanta. A yau wutar tana cikin kwalba da jarka da tukunyar gas. A watan Mayu na 2019, a bakin shigowar azumi, wata tankar mai ta kife kusa da filin jirgin sama na Yamai, mutane suka taru suna kwasa, ta fashe, fiye da mutum 50 suka rasu. Wannan ya ishe mu wa'azi.

Ƴan'uwanmu masu sayar da mai a bakin hanya, ku nisanta teburinku daga mai shayi da mai tsire da mai taba. Kada ku tara jarkoki a ɗakin da iyali ke kwana. Kada ku zuƙi mai da tiyo a baki, domin idan ya shiga huhu yana kisa. Mai babur ya kashe injinsa kafin a zuba masa. Ku ajiye bokitin yashi kusa, domin wutar mai ba a zuba mata ruwa, ruwa ɗaukar ta yake yi ya yaɗa.

Iyayenmu mata masu tuyar ƙosai da masu abincin sayarwa, murhunku shi ne wurin sana'arku, kuma a wannan wata aikinku ya ninka. Ku kafa kasko ya zauna daram, ku ɗaure bakin zane da mayafi, ku kawar da yara daga bakin mai. Idan man tuya ya kama wuta a rufe shi da murfi, kada a watsa masa ruwa. Idan kun ji warin gas, kada a ƙyasta ashana, kada a taɓa makunnin lantarki. A rufe kan tukunyar, a buɗe ƙofa da taga, a fita waje.

Gona da garka

Manoman albasa na Galmi, da masu garka na Jiratawa da Ƙonni, da duk mai feshin wake, ku sani maganin ƙwari guba ne, kuma yana shiga jiki ta fata da hanci kamar yadda yake shiga ta baki. Kada a dama shi da hannu tsirara. A sa riga mai dogon hannu da wando da takalmi, a rufe hanci da baki, a yi feshi da sanyin safiya iska tana bayan mutum. Idan an gama a yi wanka da sabulu, a wanke tufafin daban. Mai azumi ya kula ƙwarai, kada ya ɗauki dabinon buɗa-baki da hannun da ya yi feshi. Kwalbar da maganin ya ƙare a huda ta a binne nesa da rijiya; ba a zuba mata ruwan sha ko man girki ko da an wanke ta sau goma. Kuma kada a ɗure magani irin su piya-piya a kwalbar lemo, yaro ya gani ya ɗauka abin sha ne.

Kowane magani yana da kwanakin da ake jira tsakanin feshi da girbi. Wanda ya fesa wa salati ko tumatir yau, ya kai kasuwa gobe, Musulmi suka buɗa baki da shi, ya ci amanarsu. Ƙwayar da ake sa wa wake a buhu tana fitar da iska mai kisa, ba a ajiye irin wannan buhu a ɗakin kwana. Ga buhu mai ninki uku da ke kashe ƙwari ta hanyar toshe musu iska, babu magani ko kaɗan; wanda ya samu iko ya koma gare shi.

Azumi da aiki mai nauyi

Idan azumi ya faɗo cikin bazara, zafi a ƙasarmu yakan haura 40 a ma'auni. Ga ƙishirwa, ga ƙarancin barci saboda asham da tahajjud da sahur, sai hannu ya yi sanyi, ido ya yi nauyi. Mafita ta farko ita ce tsara lokaci: a fara aiki mai nauyi bayan sallar asuba, a ajiye shi kafin rana ta take, a bar mai sauƙi zuwa la'asar. Mai ba da aiki da ya sassauta wa mai azumi yana da ladansa. A jinkirta sahur kamar yadda sunna ta koyar, a sha ruwa a hankali tun daga buɗa-baki har zuwa sahur. Ƙwayoyin da samari ke sha don wai su ƙara ƙarfi, irin su taramol, suna ɓoye gajiya ne su gusar da hankali. Haramun ne, kuma masu shansu sun fi kowa faɗawa haɗari.

Direbobi da ƴan kabu-kabu, sa'ar da ke gaban magariba ita ce sa'ar gaggawa. Ajiye dabino da ruwa kusa da kai, ka buɗa baki inda rana ta faɗi maka. Idan barci ya rinjaye ka, tsaya ka kwanta; rayukan da ka ɗauko amana ne.

Game da hukunci, malamanmu na Malikiyya sun yi magana a kan masu girbi da makamantansu. Wahalar sana'a ita kaɗai ba ta halatta mutum ya wayi gari babu azumi. Wajibi ne ya kwana da niyya, ya tashi da azuminsa. Idan ana cikin aikin da ba makawa sai an yi shi wahala mai tsanani ta same shi, an yarda ya sha, ya rama bayan salla. Idan kuwa ya ji tsoron halaka ko cuta mai tsanani, shan ruwa ya zama wajibi a kansa, kamar yadda Shehu Halil ya tabbatar a Muhtasar. Alamomin sun haɗa da jiri da amai, da ciwon kai mai tsanani, da jiki ya yi zafi rau, da mutum ya fara magana ba kan gado. Wanda kuka gani haka ku kai shi inuwa, ku sassauta tufafinsa, ku jiƙa jikinsa da ruwa kuna yi masa fifita. Idan yana cikin hayyacinsa ku ba shi ruwa. Idan ya suma kada a ɗura masa komai, a kwantar da shi bisa gefensa a nufi gidan likita. Kada wani ya ce a bari sai an kira salla. Abu Dawuda ya ruwaito labarin mutumin da ya ji rauni a ka cikin tafiya, abokansa suka ce ba shi da rangwamen taimama, ya yi wanka ya mutu; Manzon Allah ya yi fushi, ya jingina kisansa gare su, domin sun yi fatawa ba da sani ba.

Idan abin ya riga ya faru

Ba a fafe gora ranar tafiya. Kowane wurin aiki ya kamata a samu ruwa mai tsabta, da sabulu, da ƙyalle mai tsabta, kuma kowa ya san lambar ƴan kwana-kwana, wato 18. Jini idan yana zuba a danne wurin da ƙyalle da ƙarfi, kada a zuba ƙasa ko toka ko ruwan batir. Ƙuna a zuba mata ruwa mai sanyi kamar minti 20, kada a shafa man goge baki ko ƙwai ko baƙin mai. Siminti ko magani idan ya shiga ido a yi ta wanke shi da ruwa mai yawa, kada a murza. Wanda lantarki ya kama kada a taɓa shi da hannu; a kashe wutar, ko a ture wayar da busasshen icce. Wanda ya faɗo daga sama kada a ɗauke shi cak a naɗe shi bisa babur, domin idan ƙashin baya ko na wuya ya taɓu, ɗaukar ce ke shanye shi. A kwantar da shi bisa allo miƙe, a riƙe kansa kada ya motsa. Wanda ƙusa ko ƙarfe ya soka ya je a yi masa allurar tetanos, ciwon nan mai sandarar da jiki da ƙulle muƙamuƙi. Wanda ya sha maganin ƙwari kada a tilasta masa amai, a kai shi likita tare da kwalbar domin a san irin gubar.

Ya ku ƴan'uwa, wannan wata na koyon tsoron Allah ne a inda babu mai ganinka. Wanda ya iya barin ruwa alhali shi kaɗai ne a ɗaki, zai iya sauya igiyar da ya san ta tsufa ko da babu mai duba shi. Kowa ya je wurin aikinsa gobe ya duba abu ɗaya da ya daɗe yana kawar da kai daga gare shi, ya gyara shi da niyyar neman yardar Allah. Wanda ya ga haɗari a wurin ɗan'uwansa ya faɗa masa da lafazi mai daɗi, domin addini nasiha ne, kuma wanda aka faɗa wa ya karɓa.

Ya Allah Ka tsare masu neman halal a duk inda suke, Ka mayar da su ga iyalansu lafiya. Ka jiƙan waɗanda suka rasu a bakin aikinsu, Ka ba masu rauni lafiya, Ka rufa wa marayunsu asiri. Ka zaunar da ƙasarmu lafiya, Ka ba mu damina mai albarka, Ka sanya mu cikin ƴantattun bayinka a wannan wata. Allah Shi ne mafi sani. Tsira da aminci su ƙara tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa baki ɗaya. Wassalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.